Lambun da ke maƙale tsakanin benayen New York

Gajiyar hanya ba ta gama sakina ba, amma gara in rubuta tun abin yana da ɗumi. Labarin jirgi ba shi da wani armashi, zama ne da gyangyaɗi, sai wani ma'aikaci a wurin duba fasfo da ya ƙi amsa gaisuwata, yana ta jefo tambayoyi ko kai bai ɗago ba. Kawuna ne ya wanke min wannan ɓacin ran. Tasi yake tuƙawa, yana zaune a Bronx, wani yanki na birnin New York, ya ajiye motarsa yini guda cur don ya zaga da ni. Duk wanda ya san tsadar garin nan ya san wannan ba ƙaramar kyauta ba ce.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka shiga, wajen dala 3 kowa, muka fito tsakiyar Manhattan. Ƙahon motoci, jiniya, kowa na sauri kamar an biyo shi. Na ce, "Kawu, ƙafata fa ta gaji." Ya ce, "Daure ɗana, ga wurin hutawa can gaba." Na duba, ban ga komai ba sai gilashi da kankare.

A titi na 53, daf da Fifth Avenue, sai ga wani wawakeke tsakanin benaye. Muka taka 'yan matakala, kawai sai na nemi hayaniyar garin na rasa. Wannan shi ne Paley Park. Faɗinsa ƙafa 42 ne, tsawonsa ƙafa 100, bai wuce filin gida ɗaya ba. Bangon ƙurya gaba ɗayansa ruwa ne ke kwararowa daga tsayin ƙafa 20, galan 1,800 kowane minti, injin na sake mayar da shi sama. Ashe ba don ado kaɗai aka yi shi ba. Ƙarar ruwan ce ke danne ta titi, ga shi kana magana da na kusa da kai amma na teburin gefe ba ya jin me kuke cewa. Bangayen gefe biyu ciyawa mai yaɗo ta lulluɓe su. Itatuwan kuwa honey locust ake ce musu, ganyensu ƙanana kamar na tsamiya, sai inuwar ta zama mai tsagi-tsagi, rana na ɗan ratsowa ba ta ƙona mutum.

Tarihin wurin ne ya fi tsaya min a rai. Da can wani shahararren gidan rawa ne, Stork Club, wanda aka rufe a 1965. William Paley, shugaban kamfanin yaɗa labarai na CBS, ya sayi filin, aka rushe ginin, ya sa aka yi lambu da sunan mahaifinsa Samuel Paley, aka buɗe a 1967. Robert Zion na kamfanin Zion da Breen ne ya tsara shi, mutumin da dama yake ta kiran a riƙa yi wa ma'aikatan ofis irin waɗannan ƙananan lambuna kusa da wurin aikinsu. Ku duba fa, fili a ɗaya daga cikin unguwanni mafi tsada a duniya, mutum ya bar shi don wanda bai sani ba ya zo ya zauna kyauta. A wajenmu irin wannan fili kafin a ce kwabo an yanka shi shaguna, wanda aka ware don shaƙatawa ma sai ka wayi gari ka ga an zuba bulo. Wallahi abin ya yi min ciwo.

Sai kujeru. Farare ne na waya, marasa nauyi, ba a ɗaure su ba, ba a kafe su a ƙasa ba. Wata dattijuwa ta zo da ƙunshin abincinta, ta ja kujera bai fi taku ɗaya ba, ta juya ta wajen ruwa, sannan ta zauna. William Whyte, wanda ya yi shekaru yana nazarin yadda mutane ke amfani da filayen birnin, ya lura da wannan: mutum ya fi sakewa a inda aka bar shi ya zaɓi mazauninsa. An amince wa jama'a, su kuma suka riƙe amanar. Ko takarda ban gani a ƙasa ba, ga mai kula yana zagawa ba tsawa ba hantara.

Abin da ban yafe wa garin ba shi ne kuɗin shayi. Ɗan kofi guda, ga haraji a kai, ga na'ura tana tambayarka ko za ka ƙara tukuici, alhali kai ka ɗauko abinka da hannunka.

Daga nan muka gangara titi na 51 muka leƙa Greenacre Park na 1971, wanda Abby Rockefeller Mauzé ta bayar, shi ma da nasa ruwan mai zubowa kan duwatsu. Central Park, babban lambun birnin, da yamma muka ratsa ta gefe, ƙafa ta riga ta ƙi. Washegari Kawu ya koma kan sitiyari, ni kuma na shiga kasuwa neman tsaraba.