Yadda Ake Kwafar Haikalan Masar na David Roberts da Fentin Mai

Da yawa daga cikin hotunan haikalan Masar da masu zane ke kwafa da hannu suna sayarwa, asalinsu na David Roberts ne, ɗan Skotland da ya bi Kogin Nilu a ƙarshen 1838 har ya kai haikalin Abu Simbel a kudancin Masar. Waɗanda suka fi shahara ba da fentin mai aka yi su ba. Zane ya yi a takarda, Louis Haghe ya sake zana su a kan dutse, aka buga a Landan tsakanin 1842 da 1849, wasu kuma aka shafa musu launin ruwa da hannu. Saboda haka hasken da ke cikinsu na takardar ce kanta, kuma mai aiki da fentin mai sai ya gina wannan hasken tun daga shimfiɗar farko.

Babban kuskuren da nake gani shi ne mutum ya buɗe hoton waya na wurin yadda yake a yau, ya riƙa "gyara" Roberts da shi. Wurin da ya zana ba ya nan a haka. A lokacinsa yashi ya binne wani ɓangare na manyan gumakan Abu Simbel huɗu, waɗanda tsawon kowanne ya kai kusan mita 20, kuma tsakanin 1964 da 1968 an yanka haikalin an ɗaga shi sama saboda madatsar Aswan. Haikalin Filae ma an kwashe shi zuwa tsibirin Agilkiya. Kore da shuɗi da jan da Roberts ya gani a kawunan ginshiƙansa, ruwa ya wanke su bayan an gina tsohuwar madatsar Aswan a 1902. Wanda ya share yashin ko ya dusashe launin ya zubar da abin da ya sa hoton ke da daraja.

A auna tsawo da faɗin hoton asali kafin a yanka yadi, don idan ma'aunin bai zo ɗaya ba ginshiƙai za su fito gajeru masu ƙiba. A shafa jeso, wato farar shimfiɗar da ake yi wa yadi kafin fenti, sau uku, ana goge kowace shafa da samfefa mai laushi idan ta bushe. Sai a bi da yalo oka (rawaya mai kama da ƙasa) da ɗan siyena (launin ruwan ƙasa) da aka tsinka sosai da tafentin (ruwan tsinka fenti), a goge da tsumma har yadin ya koma launin rairayi. Kwana biyu ya isa ya bushe.

A yadi mai santimita 60 da 90, a ja layuka gida-gida na santimita 5, wato gida 12 da 18, a ja irinsu a kan hoton da aka buga. A fara da layin da ido ke kai, wanda yawanci yana ƙasa-ƙasa, wajen kawunan mutanen da ke tsaye. Duk layin rufi da na bango can suke gangarowa. Nan ne ake gane gwani. Zoben da ke kewaye ginshiƙi kusan a miƙe yake idan yana daidai ido, yana ƙara lanƙwasa yayin da ya yi sama. Idan aka ja su duka a miƙe, ginshiƙan haikalin Karnak, waɗanda 134 ne a babban zauren, sai su zama kamar alluna da aka jingina. Mutanen da ke zaune a gindin dutse ma a auna su da rula, domin ƙanƙantarsu ce ke nuna girman ginin.

Launi shida sun wadatar: fari, yalo oka, ɗanyen siyena, ƙonannen siyena, amba (ruwan ƙasa mai duhu) da altramarin (shuɗi mai duhu), sai ɗan kore don kawunan ginshiƙai. Baƙi ba ya cikin lissafi. Inuwa ana haɗa ta ne da altramarin da ƙonannen siyena, a shafa ta siririya, kuma ƙarƙashin rufi a ƙara mata ja, saboda yashi na mayar da hasken rana sama. Farin titaniyam bai wanzu a zamanin Roberts ba, kuma idan aka sa shi tsurarsa dutse kan yi fari fat ba ɗumi, don haka kullum a taɓa masa oka. Farin zink kuwa kada ya shiga shafar ƙasa, yana tsagewa.

Sama ake fara yi, shuɗi daga can bisa yana sauka yana komawa ruwan madara, sannan abin da ke nesa, sannan na kusa. Shafar farko a haɗa fentin da kashi ɗaya man linsid (man da ake dama fenti da shi), kashi biyu tafentin. Ta biyu rabi da rabi. Ta ƙarshe ita ta fi mai. Idan aka juya wannan tsari, ta sama za ta bushe kafin ta ƙasa, bayan wani lokaci fuskar zanen ta tsattsage.

Rubutun fir'aunanci na jikin bango yana cinye lokacin masu koyo a banza. Ba a zana shi da baƙin layi. Sassaƙa ne, saboda haka ɗigon inuwa a gefen da rana ke fitowa da ɗigon haske a ɗaya gefen su ne duka aikin, da ƙaramin burushi, kuma a ginshiƙai biyu ko uku na gaba kawai. Na baya a bar su dishi-dishi.

A lokacin hunturu a jingina zanen fuskarsa na kallon bango, don ƙura na manne wa ɗanyen fenti kuma ba ta fita. Banish, wato shafar ƙarshe mai sheƙi da ke kare zanen, sai bayan wata shida. Wanda aka yi wa da wuri yakan yi hazo ko ya tsage. Idan za a aika wa mai saye, a naɗe shi a jikin bututu mai faɗin santimita 10 ko fiye, fentin yana waje, da takarda marar mannewa a tsakani.