Wasiƙa daga Debon: a raba gida da ruwa kafin a shafa masa fenti

Assalamu alaikum iyayenmu da 'yan'uwanmu na gida. Muna gaishe ku da fatan kuna lafiya, ya iyali, ya haƙuri da mu.

Daga yankin Debon muke rubuto muku, a kudu maso yammacin Ingila, inda sana'armu ita ce gyara fuskar ƙananan gidajen ƙauye: bango, ƙofa, tagogi da ɗan lambun da ke gaban gida. Da yawan gidajen nan na ƙasa ne. Laka ake cuɗawa da tsakuwa da karan alkama, a ɗora ta bisa tushen dutse, kaurin bangon ya kai rabin mita ko fiye, sannan a rufa da jinkar ciyawa. Wasunsu sun haura shekara 300, kuma masu hali rububin sayensu suke yi. Ciwon da ke kama su shi ne ke kama gidan tubali a Kano ko Damagaram, shi ya sa muka ga ya dace mu faɗa muku yadda ake aikin a nan.

Mai gida yakan zo da maganar launi a bakinsa, mu kuwa launi shi ne ƙarshen abin da muke tattaunawa. Ana fara aiki ne da zagaya gida ranar da ake ruwan sama, a ga inda ruwa ke bi. A duba magudanar da ke bakin rufi ko ganye ya toshe ta, a duba bututun da ke sauke ruwa ko ya tsage ta bayansa inda ido ba ya gani. Koren zane da ya sauko a jikin bango shaida ce cewa wani wuri yana yoyo a sama. In aka shafa fenti a kansa ba a gyara yoyon ba, kafin shekara ta zagayo zanen ya dawo.

Daga nan sai gindin bango, kuma nan ne aka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Shekara da shekaru ana zuba taki da ƙasa a jikin gida don furanni, har ƙasar ta haye tushen dutsen ta taɓa lakar. Ƙa'idar da magina ke bi a nan ita ce ƙasar waje ta zauna aƙalla santimita 15 a ƙasa da shimfiɗar da ake sawa cikin gindin bango don ta hana laima hawa, wato kimanin tsayin bulon jan ƙasa biyu. A gidan laka kuwa, a bar tushen dutsen a fili. Ana kwashe ƙasar da ta taru, a gangarar da fili ya kai ruwa nesa da gida, sannan a zagaye gindin da tsakuwa mai faɗin santimita 30 zuwa 45. Tsakuwar tana hana ɗigon rufi fallatsa taɓo a bango, tana kuma barin wurin ya sha iska. Kada a haƙa da zurfi dab da tsohon gida, domin tushensa ba ya nisa a ƙasa.

Sai jikin bangon kansa. A bi shi da ƙotar guduma ana ƙwanƙwasawa a hankali. Inda ya yi ƙarar kogo, yaɓen ya rabu da bango. A shafa tafin hannu: in ya fito fari fat, tsohon shafen ya zama gari kuma sabo ba zai kama shi ba sai an goge da buroshi mai ƙarfi. A watsa ruwa kaɗan: in bango ya shanye, yana numfashi, in ruwan ya gangaro, akwai fentin roba a kai. Gansakuka ana kashe ta da maganinta, a bar shi kwana ɗaya ko biyu, a goge. Injin wanki mai feshin ƙarfi kuwa ba ya kusantar bangon laka, don yana tura ruwa ciki yana kuma zaizaye yaɓe.

Maganar numfashin bango ita ce zuciyar wannan takarda. Bangon laka da na tsohon dutse suna shan laima daga ƙasa da iska, suna kuma fitar da ita ta fuskarsu idan rana ta fito. A ƙarnin da ya wuce an yi ta lulluɓe irin waɗannan gidaje da filastar siminti da fentin roba, da tunanin an tsare su. Siminti ba ya motsi tare da laka, don haka sai ya yi ƙananan tsagu. Ruwa ya shiga ta tsagun, ya rasa hanyar fita, ya taru a gindi. Daga waje gida fes, a ciki kuwa laka ta jiƙe, karan da ke riƙe da ita ya ruɓe, wata rana sai ɓangare guda ya zame. Ƙungiyar kare tsoffin gine-gine da William Morris ya kafa a 1877 ta daɗe tana jan kunnen masu gidaje a kan wannan. Wanda ya gaji irin wannan bango kada ya ɓamɓare simintin gaba ɗaya a rana guda, domin wani lokaci simintin ne kaɗai ke riƙe da jiƙaƙƙiyar lakar. Ana cirewa ne kaɗan-kaɗan da magini a kusa, a bar wurin ya bushe, a mayar da yaɓen farar ƙasa da yashi.

Abin da ya dace da irin wannan bango shi ne shafen farar ƙasa, wadda aka gasa aka jiƙa ta kwana a ruwa wata uku ko fiye har ta zama ƙulli mai laushi. Ana dama kashi ɗaya na ƙullin da kashi biyu zuwa uku na ruwa, ya yi tsararo kamar madarar shanu, a tace da rariya. Kafin shafawa a yayyafa wa bango ruwa ya yi sanyi, amma ba ya ɗiga ba. A shafa da babban buroshi ana murzawa cikin ramukan yaɓen, ba da rola ba. Yayin da yake ɗanye sai ka ga kamar ba ka shafa komai ba, kuma a nan ne sabon hannu ke ƙara kauri. Shafe mai kauri tsattsagewa yake yi ya kakkaɓe. A yi shafi huɗu ko biyar marasa kauri, da tazarar kwana ɗaya tsakaninsu. Farar ƙasa ba bushewa kawai take yi ba, iska take sha a hankali ta koma dutse. In rana ko iska ta busar da ita da sauri, sai ta zama gari mai bin rigar duk wanda ya jingina. Don haka ake bin inuwa ana zagaya gida, ko a rataya jiƙaƙƙen buhu a gaban bangon. Ba a yin aikin in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 5, shi ya sa lokacinsa a nan daga Afrilu ne zuwa Satumba. A sa tabarau da safar hannu, don tana ƙona fata, ido kuwa ba a magana.

In ana son launi, garin jar ƙasa ko na rawaya ake damawa daban da ruwan ɗumi a zuba, kuma a haɗa abin da zai isa bangon duka a lokaci ɗaya. Launin yana yin haske sosai bayan ya bushe, don haka a gwada a murabba'in mita ɗaya a jira kwana biyu. Ɓangaren da ke fuskantar kudu maso yamma, inda ruwan tekun Atlantika ke dukan gida, shi ke fara neman sabon shafi, kusan duk shekara biyar.

Gidan bulo mai filastar siminti lafiyayya ba ya bukatar wannan duka. Fentin bango na waje ya ishe shi, shafi biyu. Lissafin ba wuya. Bango mai tsawon mita 9 da tsayin mita 5 murabba'in mita 45 ne. A cire ƙofa da tagogi, a ce saura 38. A filasta mai santsi lita ɗaya tana rufe kimanin murabba'in mita 10, wato lita 8 ke nan na shafi biyu, mai kaushi kuma takan ci kusan ninki. Farar ƙasa a wannan bangon, shafi huɗu, za ta kai lita 30. Sabuwar filasta a ba ta mako huɗu, in ba haka ba gishirin siminti zai fito fari-fari ya ture fentin.

Katako yana son haƙuri. A kankare abin da ya ɗago, a goge da samfefa, a tsokani ƙasan taga da tsinin sukudireba. Inda ya nutse ya ruɓe, sai a yanke a dasa sabon guntu. Shafi uku ne: na share fage, na tsakiya, na sama. A cire ƙofa a shafa ƙasanta da samanta, domin ta nan take shan ruwa ta kumbura. A taga, fentin ya hau gilashi da milimita ɗaya ko biyu ya rufe bakin fotin da ke riƙe gilashin. Tsohon fentin gidajen da suka riga shekarun 1960 yawanci akwai dalma a ciki, don haka da ruwa ake goge shi, ba a ƙona shi, kuma a nisanta yara da ƙurar.

Launi uku sun isa: ɗaya na bango, ɗaya na tagogi, ɗaya mai ƙarfi na ƙofa kaɗai, don ido ya san inda zai nufa. A Debon an saba da farin bango ko mai ruwan madara da baƙar ɗamara a gindi. Gidan da hukuma ta sa a jerin na tarihi kuwa, wata doka ta 1990 ta sa dole a tuntuɓi ƙaramar hukuma kafin a sauya masa kama.

Hanyar shiga ta tafi kai tsaye zuwa ƙofa, faɗinta mita ɗaya ko ɗan fiye. A haƙa santimita 15, a shimfiɗa ƙyallen hana ciyawa, a zuba fasasshen dutse santimita 10 a daddaɓe, sannan tsakuwa santimita 4 a sama. A zaɓi mai kusurwa, don mulmulalliya guduwa take yi a ƙarƙashin ƙafa, kuma in ta fi wannan zurfi keken jariri nutsewa yake. Babban buhu na kilo 850 yana rufe kimanin murabba'in mita 12. A kafa baki na bulo ko katako, in ba haka ba tsakuwar ta watse cikin furanni. Tun 2008, wanda zai dafe fiye da murabba'in mita 5 na gaban gidansa a Ingila da abin da ruwa ba ya ratsawa, ba tare da wurin da ruwan zai nutse ba, sai ya nemi izini, saboda ambaliya.

Shuka ita ce ƙarshe, bayan an sauke tsani. Furen wardi mai hawa bango ana dasa shi tsakanin Nuwamba da Maris, santimita 45 daga bango, a karkato shi. Ana miƙa wayoyi a kwance da tazarar santimita 45, a bar santimita 5 tsakaninsu da bango don iska ta ratsa, kuma a iya kwantar da shi ranar da za a sake shafi. A ɗaure rassan a kwance, don haka ne yake yin fure tun daga ƙasa. In aka bar shi ya miƙe, furen sai ya tattaru can sama. Lafanda, wata shuka mai fure mai ƙamshi, tana kyau a gefen hanya da tazarar santimita 40, amma tana son rana da ƙasa mai tsane ruwa, a taɓo mutuwa take. Gara iri uku ko huɗu a maimaita su da a sayo kowane fure guda-guda. A rufe ƙasa da ruɓaɓɓen taki santimita 5 ba tare da ya taɓa gindin shuka ba. Babbar bishiya ta yi nesa da gida, musamman a ƙasa mai laka, inda saiwa ke tsotse ruwa da rani ƙasa ta motse bango ya tsage.

'Yan'uwa, ba muna cewa ku dasa lafanda a Katsina ba. Amma tsarin aikin ɗaya ne. A wajenku hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas ne ke bukatar kulawar da muke ba na kudu maso yamma. Indararo ya yi tsawon da zai jefa ruwa nesa, kuma a sa dutse ko tsakuwa inda yake zuba. Siminti a kan tubali cuta ɗaya yake yi a can da nan, ga shi kuma yana ɓoye hanyar gara. Yaɓen ƙasa da makuba da maginanmu suka gada yana barin bango ya fitar da laimarsa, kuma abin takaici ne yadda ake raina shi. Dogon yaro a ba shi tazara daga katanga, lallen da aka yi shinge da shi ko furen da ake ba ruwa kullum kada su manne da gindin gini. Fenti kuma a jira damina ta ɗauke bango ya bushe, a yi shi kafin ƙurar hunturu ta kankama, da sassafe ko da la'asar, kuma a hana mai fenti tsinka shi da ruwa fiye da yadda aka rubuta a jikin bokitin, domin ta nan ne kwalliya ke kasa biyan kuɗin sabulu.

A gaishe mana da kowa da kowa. Wassalam.