Karfasa ta cika kududdufi, babu ta sawa a tukunya

Kududdufin da ke bayan gonarmu ba don kifi aka haƙa shi ba. Ramin da muka ɗebi ƙasar tubali ne lokacin da muke gina ɗakin samari, a nan Maiurno ta ƙasar Sudan, gefen reshen kogin Nilu da muke ce wa Bahar Azrak. Ƙasar laka ce, tana riƙe ruwa, sai na ga maimakon ya zama gidan sauro gara in gyara bakinsa. Tsawonsa taku 15, faɗinsa taku 10, ruwan kuma daga gwiwa yake farawa ya kai min ƙirji a can ƙarshe. Na cika shi da injin ban-ruwa, na sayo 'ya'yan karfasa wajen masuntan da ke su a ƙasan madatsar Sinnar, na zuba. Larabawa bulti suke ce mata, mu ma a kasuwa haka muke faɗa, amma a gida karfasa ce, yadda kakanninmu suka taho da sunan bayan yaƙin Burmi na 1903.

Wata takwas ina ɗawainiya da dusar alkama da tunkuzar gyaɗa, wadda a nan ake kira umbaz. Ranar da muka ja koma har maƙwabta na gayyata. Komar ta yi nauyi ƙwarai, amma da ta fito sai kunya ta kama ni. Kifi ne ba ya ƙirguwa, sai dai kowanne bai wuce faɗin yatsu uku ba, ga manyan idanu ga ƙaya. Taron tsintsiya ba shara. Uwargida ta duba ta ce, "Malam, wannan ai sai dai a shanya a daka a miyar kuka." Haka kuwa aka yi.

Ana cikin haka babban ɗana ya kawo min waya, wai in ga kifin da ya kamata mu kiwata tun farko. Bulugil ake ce masa, kifin Amurka ta Arewa ne, ɗan fele-fele kamar tafin hannu, da baƙin ɗigo a bayan kunne da shuɗi-shuɗi a kumatu. Kyakkyawa ne, ban musa ba. Namijin ke share gurbi a inda ruwa bai da zurfi, gurabun a jere kamar an ajiye ƙore, mace ta zuba dubban ƙwai ta yi gaba, shi kuma ya tsaya yana yi musu fifita yana korar duk abin da ya matso. Yaron kyan kifin yake kallo. Ni kuwa abin da mai tafkin da aka nuna a wayar ke kuka da shi ya ja hankalina, da aka fassara min: bulugil ɗinsa sun hayayyafa sun fi ƙarfin abincin da ke ruwan, duk sun tsumbure. Ashe ciwona ne a wata ƙasa. Maganin da suke yi can shi ne su haɗa shi da wani kifi mai cin kifi, bas mai babban baki, kamar bas ɗaya ga bulugil goma, ya riƙa rage ƙananan.

Zancen kawo bulugil kuwa na kashe shi nan take. A 1960 magajin garin Shikago ya ba Yarima Akihito na Japan kyautar wannan kifi, daga baya ya ɓalle ya mamaye ruwayen ƙasar har da Tafkin Biwa, ya takura wa kifayen asali, har a 2007 Akihito, yana sarki, ya fito ya ce abin yana damunsa. Mu da ke kusa da kogi, cikowar watan Agusta guda ɗaya ta isa ta kwashe abin da ke kududdufi ta kai Nilu. Ba da ni ba.

Na je na ba Baffa labari, shi da ya yi rayuwarsa a kwale-kwale. Ya yi dariya har da tari.

"Ɗan nan, sai da Bature ya gaya maka? Tarwaɗa fa, aikin me take yi?"

"Baffa, ai ba ku taɓa faɗa min ba."

"Ka tambaya ne?"

Washegari ya zo da kansa. Ya kama karfasa ɗaya ƙarama, ya buɗe bakinta, sai ga ƙwai cike. Ya ce ka ga inda dusarka ta tafi. Macen karfasa a baki take rainon ƙwai, kusan mako biyu ba ta cin komai, ta saki 'ya'ya ta sake ɗauka, kuma a kududdufi tun tana ƙarama take farawa. Ina za ta yi girma? Ya koya min juya kifi a duba ƙasan cikinsa a bambance namiji da mace, aikin da ke son ido da haƙuri, kuma dole wasu matan su sulale. Don su ne ake zuba tarwaɗa. Muka zaɓi maza kusan 300, muka jira suka yi ƙwari, sannan muka saka tarwaɗa 20 waɗanda bakinsu bai isa haɗiye manyan ba.

Sauran hidimar a hankali na gane ta. Kashin kaji kaɗan a buhu a gefe yana sa ruwa ya yi kore, koren nan kuwa abincin karfasa ne. Nakan tsoma hannu, in tafin ya ɓace kafin ruwa ya kai gwiwar hannu, takin ya yi yawa, sai in cire buhun. Bayan sallar asuba nake zuwa dubawa, domin a lokacin ne iskar ruwa ke ƙarewa. In na tarar da su a sama suna haɗiyar iska, ranar babu abinci, injin zan tayar in ƙara sabon ruwa. A zafin Afrilu da Mayu wannan ya fi faruwa. Da sanyin Janairu kuma cinsu ke raguwa, duk dusar da aka zuba ta wuce kima ruɓewa take yi a ƙasa. Zalɓe na ja masa igiyoyi a saman ruwa, guza kuwa har yau ban ci nasara a kansa ba.

Abin da Baffa ya manta bai gaya min ba, tarwaɗa tana tafiya a tudu. Daren ruwan sama na farko uku suka fice, da safe muka tsinci biyu a cikin kuɓewa. Yanzu na kewaye bakin da tsohuwar koma.

Jan da muka yi na biyu, karfasa uku sun cika faranti. Na aika wa Baffa manya guda biyar, ya dawo da yaron da saƙo cewa tarwaɗar yake so.