Masu tambayar shekarun ruwa

Shekara 17 ke nan ina haƙar foraji a jihar Maraɗi. Mashin ɗaya gare ni, tsohuwa amma ba ta taɓa ba ni kunya ba, sai kamiyo mai jan kwampureso, da yara 9 in rani ya yi, 4 in damina ta sauka. Daga Madarunfa har Dakoro, daga Gidan Rumji har Tasawa, da wuya a samu hanyar da tayarmu ba ta taka ba. Duk wanda ya shigo ofishina kuwa tambayarsa uku ce, ba ta canzawa: metir nawa za a sauka, ruwa nawa zai bayar a awa, nawa zan biya.

Amsar ta farko ƙasa ke ba da ita. A fadamar gulbi ruwa kusa yake, yashi ne da tsakuwa, wani lokaci kafin azahar an gama. In ka hau tudu sai ka huda dutsen yashin nan da masana ke kira Kontinantal Hamadiyen, wanda ke cikin babban kwarin Illumeden da ya shimfiɗu ƙarƙashin Nijar da Mali da Najeriya. Kudu wajen Ɗan Isa, dab da iyaka, nan da nan za ka ci karo da baƙin dutse mai cin haƙoran mashin, ruwa kuma sai in ka dace da tsaga. Arewa wajen Dakoro kuwa, sai mai haƙuri da mai aljihu.

Wata rana wani malamin jami'a ya zo da ɗalibansa biyu, yana neman wanda ya san forajojin yankin kuma yake da famfo da injin wuta. Na ɗauka haƙa za a yi. Ya ce a'a, Alhaji, ruwa kawai za mu ɗiba, muna so mu san shekarunsa da inda ya fito. Na ce Malam, ruwa kuma har da shekaru? Ya yi dariya ya ce wani ma ya girmi kakan kakanka. Da ya ƙara da cewa akwai wasu iskoki a cikin ruwan da za su kama su rufe, sai yarana suka fara kallon juna. Mu nan Maraɗi in an ce iskoki, ƴan bori ake nema, ba ɗan boko ba.

A hanya ya yi ta warware mini. Ruwa duk ruwa ne a ido, amma ƙwayoyinsa ba nauyinsu ɗaya ba. Oksijin ɗin da ke ciki mafi yawansa mai lamba 16 ne, ɗan kaɗan kuma mai lamba 18, wanda ya fi nauyi. Su ne ake kira izotof, tagwaye ne da ɗaya ya fi ɗaya jiki. In rana ta bugi tafki, marar nauyin ke riga tashi, mai nauyin ya saura. Shi ya sa ruwan da ya daɗe a sarari, kamar na tafkin Madarunfa ko na dam ɗin Jibiya, yana ɗauke da tambarinsa ko da ya nutse cikin ƙasa. Wannan ya shige ni ƙwarai, domin Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake fitowa, ya ratsa Madarunfa da Maraɗi da Tibiri ya koma Najeriya, kuma na sha jin gardama a bakin masu garka kan ko gulbi ne ke ciyar da rijiyoyinsu ko ruwan saman da ya faɗi a gonakinsu. Ashe akwai alƙalin da zai raba gardamar, cikin kwalba ƴar ƙarama.

Shekaru kuma da wasu ma'aunai ake gane su. Gwajin bama-baman nukiliya da manyan ƙasashe suka yi a sararin sama ya cika ruwan sama da tiritiyom, wani izotof na haidurojin, abin ya kai ƙololuwa a 1963. Shi kuwa duk shekara 12 da ƴan watanni rabinsa ke ƙarewa. In an same shi a rijiya, ruwan na zamaninmu ne. In babu, sai a koma ga wani izotof ɗin, kabon-14, wanda rabinsa ke ƙarewa a shekara 5,730.

Iskokin nan kuwa guda biyar ne: heliyom, niyon, argon, kiripton da zenon. Argon na san shi wurin masu walda. Malam ya ce halinsu irin na ƴaƴan sarauta ne, ba su cuɗanya da kowa, don haka yadda suka shiga ruwa ranar da ya nutse, haka za a tarar da su. Ruwan sanyi ya fi na zafi shan su, musamman zenon, saboda haka yawansu na nuna sanyin ƙasa a lokacin da ruwan ya shige ta. Wani bincike da aka buga a 2003 kan ruwan ƙarƙashin ƙasa na kudu maso yammacin Nijar ya nuna cewa shekaru dubbai da suka wuce ƙasar nan ta fi yanzu sanyi da wajen digiri 5, ta kuma fi samun ruwan sama. Heliyom shi nasa daban ne. Mai lamba 4 daga yuraniyom da toriyom na cikin duwatsu yake fita a hankali, yana taruwa a ruwa gwargwadon daɗewarsa, mai lamba 3 kuma in ya yi yawa ainun alama ce ta cewa daga can cikin cikin duniya iskar ta taso. Da irin wannan awo aka tabbatar cewa iskar da ta fito daga tafkin Niyos na Kamaru a 1986, ta kashe mutum wajen 1,700, asalinta daga narkakken dutsen ƙarƙashi ne.

Inda na ci kunya shi ne wurin ɗiba. Ba a zuba ruwan iskokin nan a bido ko kwalbar roba, heliyom ratsa roba yake ya gudu. Bututun jan ƙarfe ake sa wa, ruwa na gudana ta ciki, ana ƙwanƙwasa shi har kumfa ta ƙare sarai, sannan a matse bakinsa biyu da maƙalan ƙarfe. Mu kuwa al'adarmu in za mu wanke foraji iska muke hura masa da kwampureso, ita kuwa iskar waje ƙara wa ruwan niyon take ta ɓata awon. A wani gari na tura yara su riga mu isa su shirya wuri, babban yarona kuma, don ya burge baƙi, ya hura wa forajin iska tun da asuba. Bai faɗa ba, ni ma ban tambaya ba. Bayan wata biyar Malam ya kira ni.

"Alhaji, wane ne ya hura wa forajin nan iska?"

Na ce babu. Ya ce niyon ya ce akwai. Na kira yaron, ya sunkuyar da kai ya ce, "Maigida, na ga ruwan da ɗan ja ne." Muka koma da gazuwal ɗina, muka sa famfon cikin ruwa, muka bar shi yana zuba har an kwashe abin da ke kwance a bututu sau uku, sannan aka sake ɗiba. Har yau in yaron ya yi wata ɓarna, ƴan uwansa na ce masa niyon zai faɗa.

Sakamakon da Malam ya nuna mini bai ba ni mamaki ba sai da na kwana da shi. Rijiyoyin fadama akwai tiritiyom, ruwan jiya ne, damina na mayar da abin da aka ɗiba. Masu zurfin nan na kan tudu da nake alfahari da su, waɗanda ba su ƙafe ba ko a shekarar fari, wasunsu ba ko ɗigon tiritiyom. Ni da nake ce wa mutane ruwan zurfi ba ya ƙarewa, ashe rumbun gado muke ɗiba.

Tsufan ruwa kuma ba shi ne lafiyarsa ba. Duk ɗan jihar nan ya san abin da ya sami yaran Tibiri, waɗanda sinadarin fuliyo na ruwan foraji mai zurfi ya lalata wa haƙora ya tanƙwara wa ƙafafu, a ruwan da ya ninka ƙa'idar miligiram 1.5 a lita sau da dama. Ruwan da ya daɗe kwance da dutse yana iya kwasar abin dutse. Wannan awon ba ya buƙatar bututun jan ƙarfe ko aikawa Turai, kuma yanzu ba na miƙa makullin foraji sai takardarsa ta fito, ko da mai shi zai yi fushi.

Bara wani attajiri ya zo yana son foraji biyu masu zurfi a gonarsa ta kan tudu, da famfon hasken rana da shato, zai yi mangwaro da zogale. Kuɗi ne mai kyau, kuma a lokacin ina bin mashin da gyara. Na zaunar da shi na gaya masa duk abin da na koya, na ce in da hali ya nemi fili a fadama. Ya saurare ni har ƙarshe, yana jan carbi, sannan ya ce, "To Alhaji, Allah da ya ajiye shi can ƙasa, wa ya ajiye wa?"

Ban sami abin ce masa ba. Muka daidaita a kan guda ɗaya, na sa masa kwantar mai ƙirga ruwa a bakin bututu, da sharaɗin duk ƙarshen rani zan zo in saka igiya in auna inda ruwan ya tsaya. Awon farko yana cikin littafina, na biyu sai watan Mayu.