Daga Agege Zuwa Dutsen Olumo a Jirgin Ƙasa

Ruwa ya fara sauka a Legas cikin Afrilu, daidai lokacin da 'yan gida ke bugo waya daga Kano suna kukan zafin bazara. Kawu ne ya ce mu je Abekuta mu hau Dutsen Olumo, amma sai dai a jirgin ƙasa. Shi ɗan goro ne, a Agege ya yi furfura, kuma ya sha shiga tsohon jirgin nan da ke kwana a hanya kafin ya isa Kano.

A tashar Agege muka shiga, wadda aka sa wa sunan Babatunde Fashola. Daga Ebute Metta jirgin ke tasowa, ya ƙare a Moniya ta Ibadan, tafiyar kilomita 157, kuma a 2021 aka buɗe layin. Tarago da sanyinsa, kowa da lambar kujerarsa. Kawu ya shafa kujerar ya ce, "Yaro, mu a zamaninmu wani lokaci kan huhun goro ake zama."

Har Agbado ba abin kallo sai bayan gidaje da shanya da kwanon rufi mai tsatsa. Muna wuce Kajola ƙasa ta buɗe. Ko'ina kore shar, gonakin rogo, ayaba, bishiyoyin kwakwar manja, ga jar ƙasa ruwa ya jiƙa ta. Na daɗe rabona da ganin fili haka, har wayata na mayar aljihu.

Tashar Abekuta, mai sunan Wole Soyinka, tana gefen gari, sai da muka ɗauki tasi. Tsayin dutsen mita 137 ne. Nan Egbawa, wani reshe na Yarbawa, suka fake wajen 1830, ƙarƙashin jagorancin Sodeke, lokacin yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan rushewar daular Oyo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne kogon da suka zauna. Sai ka duƙa sosai kafin ka shiga. A daɓensa akwai 'yan ramuka sumul, inda mata suka riƙa niƙa barkono. Na sa hannu cikin ɗaya, duk tafina ya shige. Wato ana yaƙi a waje, su suna nan ciki suna neman yadda yara za su ci tuwo.

Hawan da wuya. Akwai matakala, akwai kuma wani matsattsen tsagi da sai ka dafa dutse hagu da dama. Na ce, "Kawu, ko mu huta?" Ya ce a'a, ya riƙe bakin rigarsa ya yi gaba. Daga ƙololuwa ga Kogin Ogun ya ratsa gari, ga masallaci, ga coci, ga manyan duwatsu tsakanin gidaje. Kawu ya ce tun yana saurayi da ya hau Dala bai ƙara ganin gari daga sama haka ba.

Gaskiya abin yana damuna. Da yawanmu mun shekara da shekaru a Legas, amma daga kasuwa sai masallaci sai tashar motar Arewa, alhali ga wannan wuri kusa da mu, a je a dawo rana ɗaya.

Da muka sauko muka ratsa kasuwar Itoku da ke gindin dutsen, inda ake sayar da adire, rinannen yadin Yarbawa. Kawu ya shinshina ƙyalle ya murza shi, ya zaɓi mai shuni sosai ya saya wa Inna. A Sabo muka ci abinci muka yi sallar la'asar cikin 'yan'uwa, sannan muka nufi tasha don jirgin yamma.