Rigar kakana da yadda na kamu da ɗumkin kayan da

Ni dai ba tela ba ne, karantarwa nake yi a lakwal nan Tahoua, amma yau shekara bakwai ke nan in na samu hutu ba abin da ke jan hankalina kamar ɗumka tufafi irin na mutanen da, in saka su kuma in fita. Abin ya faro ne lokacin bikin 18 ga Disamba na 2017, wato Tahoua Sakola, da na ga mahaya sun yi ado sai na tuna akwai wata tsohuwar rigar saƙi ta kakana cikin adaka wajen Inna. Muka ciro ta, asu ya ci gefe guda amma wallahi har yanzu in ka ɗaga ta sai ka ji nauyi a hannu.

Na farko da na yi, shadda na saye, na auna rigar da mitir, na kai ma keke, kwana uku an gama. Na saka na shiga wajen Inna, ta dube ni ta ce "ɗana, wannan ai rigar Sallah ce, ta babana ba haka take zama a jiki ba". Maganar ta tsaya mini a rai don gaskiya ta faɗa. Sai na koma na shimfiɗa tsohuwar bisa tabarma na bi ta da yatsa, nan na gane ashe ba yadi ba ne aka yanka, ƙwarya ƙwarya ce aka saƙa, wato siraran ƙyallaye masu tsawo, kowace faɗinta bai wuce yatsa huɗu ba, aka haɗa baki da baki da allura. Babu inda aka yanke aka yar, ko ƙyalle guda, don wanda ya san wahalar kaɗi da mazari da zaman masaƙa ba ya ɓarnar zare.

Da na je Yamai na shiga gidan tarihi na Boubou Hama, wanda aka buɗe tun 1959, na daɗe a ɓangaren tufafi ina ɗaukar hoto da waya, amma hoto ba ya nuna maka bayan ɗumki. Wanda ya koya mini na gaske wani tsoho ne mai aikin hannu da na samu a kasuwarmu ta ran Lahadi. Na ce Baba ina so in koyi aska biyu, wato wani adon zare da ake yi a gaban riga, ya ce zauna tukun ka koyi haɗa ƙwarya, wanda bai iya tafiya ba ina shi ina sukuwa. Wata biyu ina haɗi kawai.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne saƙin da aka aiko mini daga Kano, ban jiƙa shi ba kafin in fara, na gama haɗa gaban riga duka sannan ruwa ya taɓa shi, wasu ƙwaryoyin suka ja wasu ba su ja ba, riga ta karkace. Dole na warware komai. Kuma kar ka yarda ka sa keke a wannan haɗin, yana tattare bakin, ba ya kwanciya yadda na hannu ke kwanciya. Shuni kuwa zai zuba maka a wuya da hannu, da na ɗauka aibi ne, Baba ya ce ai shi ne adon, dubi rawanin ɗan Kura da Buzaye ke so, don wannan zubar suke biyan kuɗi.

Abu guda na kasa samu, alharini na shafin cikin riga, wannan jan siliki da a da ayari ke kawowa daga Tarabulus ta hamada. Na sa wani jan yadi maimakonsa, kuma duk wanda ya tambaye ni ina faɗa masa wannan ba na asali ba ne, ba na son yaro ya gani ya ɗauka haka take.

Wata tara na yi kafin in gama, aikin aljihu da askar su suka ci rabin lokacin, da dare in an ɗauke wuta da cocila nake yi. Ranar da na fara sawa ran Sallar layya ce, a nan na gane dalilin da ya sa tsofaffi ke tafiya a natse, rigar ba ta barinka ka yi gaggawa, sai ka naɗe hannuwan bisa kafaɗa, ka miƙe baya, zama ma sai ka tattara ta. Zafi akwai shi kam, ko da yake iska na shiga ta gefe fiye da yadda na zata. Wasu samari sun yi ta kallo, wasu na neman hoto, Inna kuwa ta kama bakin rigar ta juya ta duba ɗumkin ciki, ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta ce in kawo ta babanta ta gyara inda asu ya ci.

Yanzu wando mai kamun ƙafa nake so in yi mata, na riga na jiƙa saƙin yana shanye a igiya, sai dai zaren aikin ƙafar ne Baba ya ce sai mun je tare ya zaɓa da kansa ran Lahadi mai zuwa.