Furen okid da ƙwayoyin cuta

Duk wanda ya taɓa sayen ƙullin garin banila a Kasuwar Dole domin haɗa kek ya riga ya san ƙamshin okid, ko da bai taɓa ganin furen ba, domin banila 'ya'yan wani okid ne mai yaɗo wanda asalinsa ƙasar Meziko ce. Yawancin garin da ke zuwa mana Damagaram haɗin masana'anta ne, amma sinadarin ƙamshin, wato banilin, yana rage yaɗuwar wasu ƙwayoyin cuta a cikin abinci.

Dangin okid sun haura iri 25,000, kuma Sinawa sun daɗe suna magani da wasunsu. Wanda ya fi jan hankalina shi ne Bletilla striata, wanda suke daka saiwarsa su barbaɗa a kan rauni don tsayar da jini. Don gano ko saiwar tana hana ƙwayoyin cuta yaɗuwa, masu bincike sukan jiƙa ta a cikin alkol, su ɗiga ruwan a kan 'yar takarda, su aza ta cikin faranti da aka shuka ƙwayar Staphylococcus aureus mai haddasa maruru, washegari kuma su auna da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayen takardar.

Da na ba wani dattijo mai sayar da sassaƙe wannan labari, sai ya miƙo mini bagaruwa, ya ce, "Ɗana, tamu ma a gwada ta." Na ce, "Baba, an gwada, ta kuma nuna ƙarfi, sai dai faranti daban, jikin mutum daban, kuma awon da za a sha shi ne aikin da ya rage."